Wasan Inuwa a Jiratawa

A shekarar da maganar tazarce, wato shugaban ƙasa ya zarce bayan wa'adinsa, ta cika Nijar, lokacin da ko a teburin mai shayi sai mutum ya waiga kafin ya buɗe baki, Malama Tahira ta shirya abin da ta kira Makon Asiya a sabuwar jami'ar da take koyarwa a Maraɗi. Tarihi take koyarwa. Haifaffiyar Sabon Garin Maraɗi ce, ta yi karatu a Yamai, daga nan ta samu gurbi ta tafi Indonesiya, ta zauna tsibirin Jawa shekaru kaɗan. Abin da ke ci mata rai tun dawowarta shi ne, duk wanda ta ce wa Asiya sai ya ce mata fim ɗin Indiya ko babur ɗan Sin, daga nan zance ya ƙare. Don haka ta ce makon ba na ɗalibai kaɗai ba ne. Za a buɗe ƙofa, ɗan kasuwa da tela da manomi kowa ya shigo, a yi lacca da Hausa kan tsoffin hanyoyin fatauci, a nuna rubutun hannu na mutanen can da kiɗansu da yadda suke noman shinkafa.

Shugaban sashen tarukan jama'a, Mushe Abdulmutallib, kamar yadda ake kiran 'yan boko da Faransanci, ya karɓi shawarar hannu biyu. Ya ji cewa wani baƙo zai zo daga ofishin jakadanci, kuma 'yan talabijin za su ɗauki bikin rufewa. Tun daga ranar ya fara kiran shirin "makonmu".

Abin da Tahira ta fi ɗokinsa shi ne wasan inuwa. A Jawa ta gan shi. Ana yanka siffar mutane a busasshiyar fata, a huda ta da ƙananan ramuka kamar zanen lalle, a sa mata sanduna. Sai a shimfiɗa farin ƙyalle, a kunna fitila a bayansa, masu kallo su ga inuwa tana tafiya tana magana. Siffa ɗaya tak ta zo da ita a cikin kayanta. Ita ta ɗauka ta kai wa Maiwada, wani dattijon baduku da ke zuwa daga garin Tsibiri, kusa da Maraɗi, kowace safiya ya buɗe rumfarsa a Sabon Gari, inda yake ɗinka takalma da kuben wuƙa.

Maiwada ya juya abin gaba da baya, ya ɗaga shi wajen rana.

"Malama, wanga ba gunki ba ne?"

"Baba, waɗanda ke yin sa a can mafi yawansu Musulmi ne. Wasa ne, kamar tatsuniya."

"To mi ya sa hancin ya yi tsawo haka?"

"Haka suke son sa."

Ya yi dariya, ya ce a bar masa. Watanni ya yi yana aikin tsakanin ɗinkin takalmi da ɗinkin takalmi, da basilla da 'yar wuƙarsa, har ya fitar da sarki da yarima da waziri da talakawa. Labarin kuwa Tahira ta harhaɗa shi ne daga tatsuniyoyin da ta ji a can, tun kafin kowa a ƙasar ya fara furta kalmar tazarce. Wani sarki ne ya mutu ya bar ƙaramin ɗa, aka ba waziri riƙon gadon sarauta zuwa ranar da yaron zai girma. Yaro ya girma, waziri ya ce shi kam yana son sauka, talakawa ne ke roƙonsa ya ci gaba.

Kwanakin farko na makon sun tafi lafiya. Ɗakin taro ya cika, har wasu 'yan kasuwa suka tsaya gardama da Tahira kan ko alharini ya taɓa isowa Katsina ta hamada. A tsakiyar makon aka fita da shirin zuwa Jiratawa, wurin manoman rani, domin Tahira ta ce bai kamata a yi zancen shinkafa da rabon ruwa ba tare da masu shiga taɓo ba. An taru a babban siton koferatif, wato ƙungiyar manoman, bayan azahar. Ta ba su labarin yadda manoman wasu tsibirai ke zama su tsara wa zai sha ruwan kwata yau, wa zai sha gobe. Manoman suka yi ta jefo mata tambaya, wasu ta amsa, wasu ta ce ba ta sani ba. Daga nan aka rufe ƙofofin siton ya yi duhu, aka ɗaura farin zane tsakanin tarin buhunan masara, ɗalibanta suka shiga baya da siffofin. Maiwada ya zauna gefe da zare a hannu, ko da wata sanda za ta kwance.

Da farko shiru aka yi. Babu wanda ya taɓa ganin inuwa tana ɗaga hannu tana gaisuwa. Can da waziri ya fito ya dafa ƙirji ya ce, "Ni fa na gaji, jama'a ce ba ta barina," sai wani manomi mai ƙaton murya, ana kiransa Nomau, ya miƙe tsaye.

"Kai! Wanga ai tazarce ne!"

Siton ya ɗauki dariya kamar rufin kwanon zai tashi. Wani ya ce, "Sauka!" Wasu suka karɓa. Duk inda waziri ya motsa sai a yi masa ihu, har ɗalibin da ke yi masa murya ya kasa riƙe dariya. Tahira ma ta yi dariya. Sai da aka buɗe ƙofa ta lura da wani mutum mai farin yadi, wanda ba manomi ba ne kuma ba ɗalibi ba, yana nesa da jama'a da salula a kunne.

Washegari tana sauka daga kabu-kabu a ƙofar jami'a ta tarar da wata tsohuwa zaune a ƙasa, mai gadi ya hana ta shiga. Asabe ce, matar Maiwada. Ba ta tsaya gaisuwa ba.

"Ke ce Malamar?"

"Ni ce, Inna. Lafiya?"

"Ina lafiya? Masu kaki sun zo Tsibiri da sassafe, yana fitowa masallaci suka jefa shi mota gaban maƙwabta. Sun kwashe akwatin fatun. Sun ce ya zagi gwamnati. Mutumen da ko ƙuri'a sai na ja shi yake zuwa jefawa!"

Tahira ta kama hannunta ta shigar da ita, ta zaunar da ita a inuwa, ta nufi biro, wato ofishin Mushe Abdulmutallib. Ta same shi yana duba yadda za a jera kujerun manyan baƙi.

"Mushe Direkta, an kama Baba Maiwada."

"Na ji, Madam. Abin bai yi daɗi ba."

"To tashi mu je. Motarka na waje."

Ya cire tabarau ya ajiye. "Mu je ina? An kira ni jiya da yamma, na yi bayani. Jami'a lacca ta shirya. Abin da wani mai sana'a ya kai Jiratawa da fatunsa, wannan tsakaninsa ne da hukuma."

Tahira ta tsaya tana kallonsa.

"Haka ka gaya musu? Kai da ka zo gwaji ka zauna gaba kana tafi? Kai da ka ce a yi wasan ranar rufewa don baƙo ya gani?"

"Ki rage murya."

"Labarin nawa ne. Ni na kai masa samfuri har rumfarsa. Motar jami'a ta kai mu Jiratawa, kai ka ba direba izini!"

"Madam Tahira, wannan jami'a jaririya ce. Magana ɗaya daga Yamai ta isa a rufe ta. Ke kina tunanin mutum guda, ni ina tunanin ɗaruruwan ɗalibai. Tsohon zai yi 'yan kwanaki su sake shi, sun saba. Wasan inuwa dai an soke shi. Ke kuma laccarki ta rufewa tana nan, ki yi ta kan tarihi, ki tsaya kan tarihi."

Ba ta rufe masa ƙofa ba da ta fita. Ta ɗauki Asabe suka tafi barikin da aka ce can aka kai shi. Sun daɗe a kan benci kafin a shigar da Tahira ita kaɗai wurin wani kwamanda mai fara'a, wanda ya sa aka kawo mata ruwan sanyi.

"Ranka ya daɗe, ni na shirya wasan. In laifi ne, nawa ne. Ku sake shi ku riƙe ni."

Kwamandan ya yi murmushi. "Malama, ki bar ni in gaya miki gaskiya, tunda ke mai ilimi ce. In na riƙe ki, kafin la'asar ƙungiyar malamai ta shiga yajin aiki, ɗalibai sun ƙona taya, rediyoyin waje suna kiran sunana. Wa ke son wannan? An ce mini a kama wani. Na kama wani."

"Wato shi ba kowa ba ne."

"Ban faɗi haka ba."

"Ka faɗa. Bari in gan shi."

"Ba yau ba."

A hanyar fita ta hangi akwatin a gefen baranda, a buɗe. Wani mai kaki yana fifita da siffar yarima saboda zafi. Ta so ta fizge, Asabe ta riƙe mata mayafi ta ce, "Ki bari, ɗiyata, kada su huce a kansa." A bakin titi Asabe ta ba wani mai gadi ƙullin fura ta roƙe shi ya miƙa ciki. Ya karɓa ya shige da shi.

Tahira ta bi duk ƙofar da ta sani. Wani malami ɗan'uwanta ya ce a jira ƙungiya ta yi zama mako mai zuwa. Wani lauya ya ce tunda ba a kai maganar kotu ba babu abin da zai kama. Kawunta, wanda ke da sanayya da mutanen jam'iyya mai mulki, ya ce ta gode Allah ba ita ba ce, ta kama bakinta. Ta koma gida ba ta iya cin tuwo ba. Abin da ya fi ƙona ta shi ne kowa da ladabi yake mata magana, kowa yana ba ta kujera, alhali tsohon yana kwance kan siminti.

Ranar rufewa aka share harabar jami'a, aka kafa rumfuna. Manyan gari suka zo da manyan riguna, baƙon ofishin jakadanci ya zauna gaba da mai yi masa fassara. Da yake Mushe Abdulmutallib yana tsoron kada talabijin ta nuna kujeru babu kowa, ya aika motoci Jiratawa aka kwaso manoma suka cika bayan ɗakin. Ya yi dogon jawabi da Faransanci kan zumuncin nahiyoyi. Sannan ya kira Madam Tahira.

Ta hau ta gaida jama'a da Hausa. Ta fara da tarihi kamar yadda aka ce mata: yadda fatake suka kai Musulunci tsibiran can ta teku, yadda mutanen suka riƙe wasanninsu na da. Sai ta tsaya.

"A yau ya kamata ku ga wasan inuwa. Ba za ku gan shi ba. Wanda ya yanka siffofin da hannunsa, Baba Maiwada na Tsibiri, yana tsare a bariki tun shekaranjiya. Ni na ba shi aikin, jami'ar nan ta kai shi Jiratawa, kuma da aka tambaya sai aka ce ba mu san shi ba. Mun tara ku muna yabon masu sana'ar wata ƙasa, namu kuwa mun..."

Lasifika ta mutu. Mushe Abdulmutallib na tsaye kusa da mai na'ura, yana yi wa baƙo murmushi. Tahira ta ajiye makirufo ta ɗaga murya, ta sake faɗin sunan Maiwada da inda yake. Mai ɗaukar hoton talabijin ya juya kamararsa wajen bango. Baƙon ya karkata yana tambayar mai fassara, shi kuma ya duƙar da kai yana gyara agogo.

Daga bayan ɗakin aka ji kujera ta faɗi. Nomau ne ya miƙe.

"Malama, tsohon nan mai zare? Shi aka kama? To shi mi ya ce? Ni na yi ihun! Ga ni, Nomau, kowa ya san gonata. In ihu ne laifi, duk wanda ke nan ya yi shi!"

Manoman suka miƙe. Babu wanda ya shirya abin, ba su kuma yi wani hayaniya mai yawa ba. Sun dai fita, suka ƙi hawa motocin da suka kawo su, suka kama titi da ƙafa, ɗalibai suka bi bayansu. Tahira ta sauko ta ratsa gaban manyan baƙi ta fita. Da suka isa bariki suka zauna a ƙasa bakin ƙofa, cikin rana, kowa yana cewa a rubuta sunansa shi ma ya ce "sauka". Kwamandan ya fito ya dube su, fara'ar ta ɓace. Ya koma ciki ya daɗe yana waya. Gab da la'asar aka turo Maiwada waje.

An aske masa kai da gemu ƙwal. Ƙafafunsa sun kumbura, takalmansa a hannu. Asabe ta kwance kallabinta na sama ta rufa masa a kai don kada jama'a su ga askin. Tahira ta durƙusa gabansa.

"Baba, ka yafe mini."

"Tashi, Malama, ƙasa da zafi. Akwatina fa?"

Ta koma ta tambaya. Aka ce kayan shaida ne, ba sa fita.

Da yamma rediyo ya ba da labarin cewa an kammala Makon Asiya cikin nasara. Kafin mako ya zagayo aka dakatar da Tahira daga koyarwa, wai ta ci mutuncin jami'a gaban baƙi. Maiwada kuwa ya yi jinyar ƙafa a Tsibiri har damina ta yi nisa. Da ya koma Sabon Gari ya tarar mai filin rumfar ya ba wani, ya ce shi ba ya son masu kaki su san ƙofarsa. Tsohon ya koma ɗinki a zauren gidansa, inda mai sayen takalmi ba ya wucewa sai jefi-jefi. Tahira takan je ta gaishe su. Duk zuwan da ta yi sai ta dawo da ciwon kai, don shi ba ya ƙorafi, sai dai ya tambaye ta ko an mayar da ita aiki.

Watanni suka wuce, sojoji suka kifar da gwamnati. Gari ya juya kamar an yi ruwa an ɗauke. Waɗanda ke ɗaura zanen tazarce jiya suka mayar da shi tsumman goge mota. Tahira na Tsibiri wata Asabar da hantsi, tana taya Asabe tsince zogale, rediyon Maiwada na rataye a ƙusa, sai suka ji murya da suka sani. Mushe Abdulmutallib ne ake hira da shi kai tsaye a wata tasha mai zaman kanta.

"A lokacin da kowa ya yi shiru," in ji shi, "mu a jami'a ba mu yi shiru ba. Mun ɗauko hikimar mutanen Asiya, muka shirya wasan kwaikwayo har Jiratawa don mu faɗakar da talakawa. Na sha barazana, amma ban ja da baya ba."

Maiwada ya ajiye basilla. Asabe ce ta ture tiren zogalen, ganye ya watse a tabarma.

"Ya sha barazana? Shi? Gashin wa aka aske?"

Ta shiga ɗaki ta fito da mayafin zuwa biki.

"Inna, ina za ki?"

"Inda yake maganar. Kin san wurin?"

"Na sani."

"To tashi."

Maiwada ya ce, "Asabe, ki bar shi da Allah."

"Na bar shi da Allah, Malam, amma sai ya ji ta bakina tukuna."

Suka tari taksin Maraɗi a bakin hanya. Ko da suka isa gidan rediyon an gama hirar, Mushe Abdulmutallib na fitowa daga ɗakin watsa shiri yana musabaha da mai gabatarwa, wata matashiya da ake kira Ramatu. Da ya ga Tahira ya buɗe hannuwa.

"Madam! Yanzu nake shirin nemanki. Maganar dakatarwar nan kuskure ne, za mu gyara. Kuma ina so mu maimaita wasan, a babban fili wannan karon."

Tahira ta wuce shi. Ta dubi Ramatu ta ce, "Wannan ita ce matar wanda aka tsare saboda wasan da kuka gama zance a kai. Tana da magana."

Ramatu ta dubi tsohuwar, ta dubi Mushe Abdulmutallib, wanda ya fara cewa ai ba sai an tada tsohon zance ba, yanzu lokacin haɗin kai ne. Ramatu ta ce shirin da ke tafe na kiɗa ne, amma kiɗa zai iya jira. Ta buɗe ƙofa, ta zaunar da Asabe, ta sa mata abin ji a kunne bisa kallabi, ta nuna mata jar fitila ta ce in ta kama, duk Maraɗi na ji.

Fitilar ta kama. Asabe ta matso da bakinta.

"Sunana Asabe, daga Tsibiri. Wanda ya gama magana yanzu yana nan tsaye bakin ƙofa, ina ganinsa ta gilashi. Kada ya tafi. Zan faɗi yadda aka yi tun daga safiyar da aka zo gidana, in na yi ƙarya ya shigo ya ce na yi ƙarya."

Mushe Abdulmutallib bai shiga ba. Ya tsaya ɗan lokaci, ya duba salularsa, sannan ya fita zuwa motarsa. Asabe ta yi magana har ta gaji, masu sauraro suka yi ta kira, ciki har da Nomau daga Jiratawa, wanda sai da aka roƙe shi ya rage murya.

An mayar da Tahira aiki da aka koma karatu. Mushe Abdulmutallib bai rasa kujerarsa ba, shekara na zagayowa ma aka ƙara masa girma aka kai shi Yamai. Akwatin bai taɓa fitowa ba. Duk lokacin da Tahira ta je tambaya sai a ce wanda ke riƙe da makullin sito an yi masa canjin wurin aiki. Maiwada bai sake samun rumfa a Sabon Gari ba, a zaurensa na Tsibiri ya ci gaba da ɗinki har idonsa ya raunana.